Gidiyon Ya Ƙi Aikin Kaduna

Gidiyon na kan tsani yana ɗaura eriya a rufin wani ofis a Kurfi ranar da baƙon ya fara zuwa. Atiku sunansa, daga wani babban kamfanin sadarwa na Kaduna. Ya san sunan Gidiyon, ya san 'ya'yansa huɗu ne, ya san babu rediyon oba-oba da ke gagararsa. Ya yi masa tayin albashi ninki biyu, har da gida.

Gidiyon ya yi godiya, ya ce a'a. Shekara goma sha ɗaya ke nan yana tare da Alhaji Mamuda, mai ɗan kamfanin da ke haɗa wa ofisoshi na'urorin magana a Dutsin-Ma. Alhajin ne ya tura shi koyon aikin. Shi ne kuma ya ɗauki Roda, matar Gidiyon, a motarsa zuwa asibiti ranar da haihuwa ta zo mata da gardama.

A shekarar, 1984, kayan gyara sun yi wuyar samu. Ma'aikata bakwai sun koma uku. Alhaji ya yi ta tafiye-tafiye, yana dawowa hannu rabbana.

Da Gidiyon ya ba shi labarin baƙon, yana alfahari da ƙin da ya yi, sai Alhaji ya daɗe yana kallon ƙasa.

"Ka dai sake tunani, Gidiyon. Kana da iyali."

Gidiyon ya ɗauka gwada shi ake yi. "Ranka ya daɗe, inda kake nan nake."

Bayan damina Atiku ya dawo, ya ƙara da babur. Karo na uku da takarda ya zo, sa hannu kawai ya rage. Roda ta roƙa, ta yi kuka, ta daina yi masa magana. Gidiyon ya ce ba zai iya haɗa ido da Alhaji ya ce masa zai tafi ba.

Wata Litinin ya iske kwaɗo a ƙofar kamfanin. Alhaji na zaune a kan benci a waje, ya rame. Ya miƙa masa akwatin kayan aikinsa, ya ce an rufe kamfanin, ya roƙe shi ya yafe masa. Bai ɗago kai ba.

Wata uku Gidiyon yana gyaran rediyo a kasuwar Kurfi, abin da yake samu bai isa cefane ba. Daga ƙarshe ya hau mota zuwa Kaduna.

Atiku ya karɓe shi da mutunci, ya sa aka kawo masa ruwa. Sannan ya gaya masa an ba wani gurbin tun watan jiya, kuma an dakatar da ɗaukar ma'aikata.

Gidiyon ya miƙe zai tafi. A bakin ƙofa ya juyo, ya tambaya yadda aka yi ma suka san da shi tun farko.

Atiku ya dube shi da mamaki.

"Ashe bai gaya maka ba? Ai sau uku Alhaji Mamuda yana zuwa nan da ƙafarsa, yana roƙonmu mu ɗauke ka kafin ya rufe."