Muryar Tayyiba a Cikin Keji

Tun ranar da aka kai matarsa Tayyiba makwancinta, Malam Haladu na Gagarawa ba shi da mai tuna masa lokacin salla sai akun da ta bari.

Shekara goma sha ɗaya ke nan da ya saya mata tsuntsun a kasuwar Maigatari, a hannun wani direban babbar mota. Allah bai nufe su da haihuwa ba, don haka akun ya zama abokin hirarta a gindin murhu. Da ƙwayar gyaɗa ta koya masa magana, har ya ɗauke muryarta tsaf, da 'yar shaƙewar nan tata. Rana na karkatawa sai a ji daga keji: "Malam, ga ruwan alwala."

Malam Haladu ba shi da hotonta, bai kuma taɓa naɗar muryarta a waya ba. Abin da ya rage masa daga zaman shekara arba'in shi ne wannan kira.

A zamaninta, gero da dawa da ɗanyen ganye take ba tsuntsun, gyaɗa kuwa lada ce, ƙwaya biyu ko uku. Takan kuma buɗe masa ya yi shawagi a ɗaki. Shi ko Malam, tsoron kada ya tsere ya sa ya ɗaure ƙofar kejin da waya. Ya kuma lura duk sanda ya miƙa gyaɗa, muryar kan fito. Sai ya riƙa miƙawa safe da yamma, ya ƙara da riɗin gonarsa da kantu, har da ƙuli-ƙuli.

Cikin shekara guda akun ya yi nauyi. Bakinsa ya yi tsawo ya karkace, gashinsa ya dushe, in ya hau sandar keji sai ya yi ta haki. Malam kuwa yana gode wa Allah, a zatonsa ƙiba lafiya ce.

Da Sallar layya, ɗan ƙanensa Habibullah, malamin dabbobi a Gumel, ya zo gaishe shi. Ya ciro tsuntsun, ya shafa ƙirjinsa. Sannan cikin ladabi ya bayyana cewa gyaɗa da riɗi mai ne zalla, tsuntsun da ba ya tashi kuwa ba shi da inda zai ƙone shi. Maiƙon yakan taru a jini, ya lulluɓe hanta, ya matse hanyoyin zuciya.

"Baba, a yanke masa gyaɗar nan, a mayar da shi kan gero da ganye, a bar shi ya riƙa tashi. Zai yi fushi ya yi shiru na kwanaki, amma zai rayu."

"Shirun nan fa, ɗana, har yaushe?"

"Mako biyu, ko wata. Allah ne masani."

Malam ya gwada. Rana ta farko akun ya watsar da geron. Ta biyu ya juya masa baya. Ta uku azahar ta yi, la'asar ta yi, gidan tsit, sai ya ji kamar yau aka fita da gawarta. A rana ta huɗu ya tsuguna gaban keji, ya ɓare gyaɗa.

"Malam, ga ruwan alwala."

Ya yi kuka, ya ɓare wata. Da Habibullah ya bugo waya yana tambaya, sai ya ce masa ana nan ana bin shawara.

Wata biyu bayan haka, da hantsi, yana miƙa ƙwayar, akun ya buɗe baki kamar zai yi magana, sai ya sulale daga kan sanda ya faɗi. Kafin Malam ya kwance wayar da shi da kansa ya ɗaure ƙofar da ita, rai ya yi halinsa.

Ya binne shi a bayan rumbu. Ranar nan sai da maƙwabci ya buga ƙofa ya san la'asar ta wuce. Har yau yakan zauna gaban kejin yana ƙoƙarin tuno yadda take jan kalmar "Malam", kullum kuwa muryar ƙara nisa take yi.

Ya ku jama'a, duk rai da muka tsare a hannunmu amana ce da Allah zai tambaye mu. Ciyar da dabba abin da ke faranta mana, alhali masani ya ce yana kashe ta, son kai ne, ba ƙauna ba.