Washegarin Bankwana

Tun da likitoci suka iya faɗar ranar da ciwon daji zai kai ƙwaƙwalwa, ake yi wa mutum bankwana tun yana cikin hankalinsa. Jiya aka yi wa Tabawa. Mata suka ci tuwo, suka sha kuka. Wata ta ce, "Ki gode Allah naki na nono ne. Na huhu ba ya jira."

Yau ta tashi garau, ta kai niƙa tare da 'yarta Hansatu.

"Malam Ilu, ina kwana? Ka niƙa da laushi, na rannan duk tsaki ne," in ji Tabawa.

Mai injin ya karɓi kwanon, ya dubi Hansatu.

"Allah ya ba ku haƙuri. Mace ce mai kirki."

"Ga ni tsaye, Ilu!"

Ya tayar da injin.