Wainar Uwale da Wayar Baraka

Tun da aka yi dokar da ta hana waya aika yabon da bai kai zuciyar mai shi ba, masu tallata kaya a intanet suka watse. A Tudun Wada, Baraka kaɗai ta rage, kuma da shafinta take ci da kanta.

Ranar Talata da safe Uwale mai waina ta kira ta, don ciniki ya ja baya ƙwarai. Baraka ta ci uku, ta rubuta cewa babu waina irin wannan a garin. Wayar ta ƙi aikawa. Ta rage zuwa "tana da daɗi". Nan ma ta ƙi.

"Yarinya, faɗi abin da bakinki ya ji," in ji Uwale.

Cikin jin kunya Baraka ta rubuta, "Wainar ta cika tsami, amma miyar taushen sai da na lashe kwano." Nan take saƙon ya tafi.

Kafin azahar layi ya kai bakin titi, kowa da robarsa, miya kawai suke nema. Uwale tana zubawa tana dariya har tukunya ta ƙare.

Can ta juya wajen mijinta da ke zaune a benci. "Malam, shekara ashirin kana cin wainata. Kai ma rubuta musu wani abu mana."

Malam Sallau ya daɗe yana kallon wayarsa, sannan ya tura ta aljihu. "Ba caji, Uwale."