Katin da Hafsa Ta Aro

Tun daga Suki har motar ta shiga Sinja, Jibo bai daina maimaita sunan ƙanensa a zuci ba. Gambo Tahir, Gambo Tahir. Dattijo da furfurarsa, yau ga shi yana haddar suna kamar wanda za a yi wa jarrabawa.

Shi ya jawo wa kansa, ya kuma sani. Shekara huɗu ke nan da masu ta'min, wato inshorar lafiya, suka zo ƙauyen suna rubuta manoma da masunta da duk mai cin gashin kansa. Jibo ya miƙe a inuwar masallaci ya ce shi ba ya biyan kuɗin ciwon da bai zo ba. Aka yi dariya, dariyar ta yi masa daɗi, sai ya mai da maganar abin faɗa a kowane zama. Ya ce asarar buhun albasa guda da ɓarawo ke ɗauke masa duk kaka ta ishe shi. Sau uku ya sauya kwaɗon ɗakin ajiya, ya zargi rabin unguwa, bai kama kowa ba.

Kwatsam sai yanar ido ta fara rufe masa gani. Da fari kunyar albasa ta riƙa karkace masa, daga baya ya yi wa jakin maƙwabci cikakkiyar sallama. Likita ya ce aiki za a yi, in aka daɗe idon ya tafi ke nan. Kuɗin da aka yanka kuwa, sai dai a sayar da injin ban ruwa.

Sai dabara ta zo masa. Gambo ma'aikaci ne, yana da kati, kuma kowa na cewa kamarsu ɗaya. Kunya ta hana shi zuwa roƙo da bakinsa, ya aiki matarsa Hafsa. Gidan Gambo can ƙarshen gari yake, amma ko shayin Jibo bai huce ba ta danƙa masa katin. Ya kai shi dab da hanci, bai ga komai ba sai dishi-dishi. Ya yaba wa kansa wayo.

A tagar asibitin ma'aikaciya ta karɓi katin.

"Sunanka, ya Haj?"

"Gambo Tahir."

Ta dubi katin, ta dube shi, ta sake duban katin. "Wannan ba katin Gambo ba ne."

Tsoro ya kama shi sosai. Ga ido zai tafi, ga mutunci zai bi bayansa, kuma a gaban layin jama'a. Ya juya wajen Hafsa da ta rako shi. "Mi kin ka kawo man?"

Hafsa ta gyara mayafinta, ko a jikinta.

"Malam, faɗa mata sunanka na yanka. Katinka ne. Buhun albasa huɗu ya ci, guda duk kaka."