Allurar Mma Safiatu

"Guntu?" Mma Safiatu ta janye jikinta. "Duk karatun nan naki, guntun magani za a tsira min?"

Tun da ta zame daga motar haya ta trotro a kasuwar Race Course ƙugunta ya tsage, likita ya ce ƙasusuwanta sun zama kamar soso. 'Yarta Rafia, mai binciken ƙashi a jami'a, ta sake lallashi.

"Mma, akwai wani sinadari da ke fitowa daga wuyanmu. Guntunsa ne a allurar. In yana shiga kaɗan-kaɗan kullum, sai ya kunna umarnin da ke cikin ƙwayoyin da ke gina ƙashi, su farka su koma aiki."

"Su yi barcinsu. Ni ma na gaji."

Rafia ta rasa dabara, ta roƙi Alhaji Kimba, tsohon nas ɗin layinsu, ya riƙa leƙowa ko za a dace.

Ba a jima ba gardama ta ƙare. Kullum da safe Mma tana zaune tana jiran allura. Da watanni suka tura ta jefar da sanda, har kasuwar Adum take zuwa da ƙafarta.

Rafia ta ce, "Kin gani, Mma? Da kika fahimci bayanina, ai ga shi."

"Wane bayani? Ko kalma ɗaya ban gane ba." Ta gyara ɗankwalinta. "Kimba ne ya ce ba zai auri matar da zai riƙa goyawa ba. Ranar Juma'a za su kawo goro. Ki zo da wuri, ke ce mai girki."