Shaidar Kiɗan Gayya

Kaset na huɗu ke nan Lauya Manu ya cika a Ruwan Gizo, kuma babu komai a cikinsa sai gaisuwa.

Daga Sakkwato ya zo da sabuwar rakoda mai batir shida, yana ji da ita kamar ɗan fari. Nufinsa ya naɗi shaidar dattawa a kan gonar Turai, matar marigayi Hamma. Tun da katafilolin aikin dam na Bakolori suka baje ƙasar, tsamiya da gamban da ake gane iyaka da su suka tafi. Da aka zo sake rabon gonaki, sai Alhaji Nagode, ɗan kwangila mai tifa biyu, ya ce wurin nasa ne tun kakanni.

Dattawan kuwa da sun ga jar fitilar rakoda sai su shiga tambayar gida da gajiya da ruwa. In an zo kan gona, su ce Allah ne masani. 'Ya'yan da yawansu a tifar Alhaji suke lodi.

Saura kwana biyu zaman kwamitin rabon gonaki. Turai ta ga lauyanta ya yi zugum, ita da za a raba da abincin marayu huɗu har ta fi shi sakin fuska.

"Ka tai Mafara wurin Malam Isa mai ɗakin karatu," in ji ta. "Ce mai ya ba ka kiɗin gayyarmu."

Manu ya je ne don kada a ce bai je ba. Ɗaki ne guda, da benci uku da tsofaffin jaridu, sai wani akwatin kwano da Malam Isa ke riritawa. Shekara da shekaru yana yawo ƙauyukan Bakura da Maradun da rakodar aro, yana naɗar waƙoƙin noma da maganin masunta da tatsuniyar tsofaffi. Mutanen gari sun daɗe da yanke cewa aiki ne ya yi masa kaɗan.

Da aka ciro kaset ɗin gayyar daga akwatin aka kunna, ganga ta tashi, wata murya mai zaƙi ta bi manoman gayya gona gona, tana yi wa kowa kirari: "Hamma na Turai, gabas da Bappa, yamma da Buba, daga tsamiya har gulbi naka na!" Manu ya miƙe tsaye. Bappa da Buba an riga an ba su nasu, tsakaninsu kuma fili ɗaya ne tal.

Ranar zama rumfar kwamiti ta cika. Alhaji Nagode ya hakimce cikin babbar riga, kamar kullum ƙaninsa ke magana a madadinsa. Manu ya yi Turanci, ya yi Hausa, sannan ya ɗora rakoda a tebur ya danna.

Tun gangar farko aka fara murmushi. Tsofaffi suka sunne kai, kafaɗunsu na rawa. Shi kansa Alhaji ƙafarsa ta bi kiɗan sau uku kafin ya taka ta da ɗayar. Waƙa ba ta kai rabi ba ya raɗa wa ƙaninsa magana a kunne. Ƙanin ya tashi ya ce a kashe abin nan, sun janye.

Turai ta rangaɗa guɗa. Manu ya ji daɗi har cikin ransa, ya tabbata na'urar zamani ce ta razana su. Ko a Sakkwato ba lauyan da ya taɓa yin irin wannan.

Da la'asar ya mayar da kaset, da sabuwar riga a naɗe a hammata.

"Malam, makaɗin nan yana raye kuwa? Ina so in kai masa tukuici da hannuna."

"Lahiya lau shi ke," in ji Malam Isa, yana rufe akwatinsa. "Ya dai aje ganga tun da ya samu kwangila, ko sunanta bai son a kira mai. Amma rigar ga ta yi ma Alhaji Nagode kaɗan."