Kyanwar Baduku a Gidan Mai Kifi

Kai da kake cewa kishi sai mata, gyara zama, Sahabi, ka ji yadda ya yi da wani namiji mai gemu har ƙirji.

Wani baduku ne ƙodojinsa suka daina aiki, ya daɗe yana zaryar asibiti ana wanke masa jini. Ƙaninsa, mai suyar kifi a bakin tasha, ya ce a cire tasa guda a dasa masa. Aka yi aiki, Allah ya sa aka dace. Ranar sallama likita ya ja wa baduku kunne. Ya ce magungunan da zai riƙa sha kullum suna kwantar da garkuwar jiki ne don kada jikin ya ƙi baƙuwar ƙodar, saboda haka ciwon da mai lafiya zai kakkaɓe ya wuce, shi yana iya kai shi ƙasa. Ya ce ya yi nesa da kyanwa, don faratanta kan ɗauko ƙwayoyin cuta daga kashin ƙuma, yaƙushi ɗaya ya isa. To, baduku yana da wata kyanwa da ya tsinta tun idonta bai buɗe ba. Ita ke tsare masa fatu daga ɓeraye, yana ɗinkin takalmi tana barci a gefen ƙafarsa. Ba don ransa ya so ba aka miƙa ta gidan ƙanin, katanga ɗaya ce tsakaninsu.

Kyanwa a gidan mai kifi, ina za ta tuna da warin jima? Ta yi ƙiba, gashinta sai sheƙi. Baduku ya kan leƙa ta kan katanga ya gan ta tana goga jiki a ƙafar ƙaninsa, sai ya ji kamar an zuba masa barkono a zuciya. Ya kira ta, ko waiwaye ba ta yi. Wai shi a ganinsa an raba shi da ita ne da gangan, har yana ce wa matarsa ƙanin nan nasa tun suna yara ba ya ganin abu a hannunsa ya ƙyale. Ji fa rashin ta-ido! Mutumin da ƙodarsa ke cikinka tana maka aiki, shi kake yi wa baƙin cikin kyanwa. Wata rana ƙanin ya fita kasuwa, gogan naka ya shiga gidan, ya tarar da ita tana cin kan tarwaɗa, ya sunkuce ta da ƙarfin tsiya. Ita kuwa ta kai masa farce a bayan hannu, ta zille. Ɗan karce ne da bai kai tsawon ashana ba. Ya shafa masa man kaɗanya ya yi shiru, don in ya faɗa sai an tambaye shi me ya kai shi. Da kaluluwa ta fito masa a hammata ya ce maruru ne, da zazzaɓi ya rufe shi ya ce cizon sauro ne. Kafin a ciciɓe shi zuwa asibiti cutar ta bi jini ta kama hanta. Dole likitoci suka rage masa magungunan nan don jikin ya samu ƙarfin yaƙi. Jikin ya farfaɗo, ya kori cutar, ya haɗa har da baƙuwar ƙodar. Baduku ya koma gadon wankin jini inda ya fito. Ƙanin ya zo dubiya, ya zauna a gefen gadon, ya ce, "Yaya, wallahi da uku gare ni da na ƙara maka. Guda ɗaya ta rage."

Ka ji abin da Hausawa ke nufi, Sahabi, da suka ce garin neman gira aka rasa ido.